Jerin nasarorin malaman jami'a: me ake ƙirgawa, kuma wa ya tantance?

Sakataren_Sashe:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Duk ƙarshen zango jami'o'i kan fitar da jerin abin da malamansu suka yi: wane ya buga maƙala, wance ta gabatar da takarda a taro, wane ya samu tallafin bincike, wance ta baje kolin zane-zanenta, wane an sa wasan kwaikwayonsa a dandamali. Kowa layi ɗaya, harafi iri ɗaya. Tambayata biyu ce. Ta yaya mai haɗa jerin zai tabbatar abin da aka kawo masa gaskiya ne kafin ya saka? Sannan wasan kwaikwayo ko zane zai iya tsayawa kafaɗa da kafaɗa da maƙalar mujalla idan aka zo ƙarin girma? Ina roƙon masana su yi mana dalla-dalla.

Uwar_Laburare:
Wa alaikumus salam Malam. Bari in ɗauki ta farkon. Kada ka karɓi suna da take kawai, ka nemi lambar DOI, wato lambar rajistar maƙala a intanet. Kowace tana farawa da 10, sai ɗigo, sai lambar kamfanin da ya buga, sai karkataccen layi, sai lambar maƙalar. Ka liƙa ta bayan doi.org ka danna. In ta kai ka shafin mujallar, ka duba ko sunan malamin yana cikin marubuta, ko sunan jami'ar yana ƙarƙashin sunansa, ka kuma duba shekarar. Ana yawan samun maƙalar bara an sake kawo ta bana, domin ta fara fitowa a intanet a Disamba sannan aka ba ta kundi da lambar shafi a Maris. Maƙala ɗaya ce, ranaku biyu. Ku zaɓi ranar da za ku riƙa bi, ku tsaya a kanta.

Sannan ka nemi ORCID na kowane malami. Lamba ce mai gurbi 16, kyauta ake yi, tun 2012 ake amfani da ita. Amfaninta raba masu suna iri ɗaya, da haɗa ayyukan wanda ake rubuta sunansa iri uku.

Dakta_Sinadari:
Hajiya ta yi daidai, amma a ƙara wannan: DOI ba shaidar tantancewa ba ce. Shaidar rajista ce kawai. Ko Zenodo, ma'ajiyar da cibiyar CERN ke gudanarwa, za ta ba ka DOI kyauta kan duk fayil ɗin da ka ɗora, ko da takardar gayyata ce. Mujallar bogi ma tana iya biyan kuɗin shiga Crossref, hukumar da ke rajistar DOI, ta riƙa raba lambobi.

Abin da ya fi rikita jerin nan shi ne kalmomi. "An aika" daban, "ana dubawa" daban, "an karɓa" daban, "an buga" daban. Wadda aka aika kowa na iya aikawa yau da dare. Wadda aka karɓa tana da wasiƙar edita mai kwanan wata da lambar rubutun. Ni a ganina daga "an karɓa" ya kamata jeri ya fara, kuma a rubuta hakan ƙarara a gefen layin.

Ɗalibar_Digiri3:
Allah ya ƙara sani. To waɗanda ake ɗorawa a arXiv, ma'ajiyar rubuce-rubucen bincike ta intanet, fa? Ina ganin malaman lissafi da fiziya suna ambatonsu kamar an buga.

Ɗan_Lissafi:
@Ɗalibar_Digiri3 arXiv tun 1991 yake, Paul Ginsparg ya fara shi. Akwai masu tace abin da ke shiga don kada a zuba shirme, amma ba su bin hujja layi-layi kamar alƙalan mujalla. Don haka a jeri sai a ce "rubutun share fage, ba a tantance ba tukuna". Wannan bai rage masa daraja a wajen 'yan fanni ba. Grigori Perelman, masanin lissafi ɗan Rasha, a nan ya ɗora takardunsa uku kan matsalar Poincaré tsakanin 2002 da 2003, bai kai su wata mujalla ba, masana suka kwashe shekaru suna bin su har suka tabbatar. Da sakataren sashe zai bi dokar "sai mujalla", da aikin bai shiga jeri ba ko kusa.

Hajiya_Edita:
Ɗan_Lissafi, Perelman guda nawa ne a duniya? Kada mu ba Malam Sakatare dokar da aka gina kan mutum ɗaya.

Malam, inda gizo ke saƙar shi ne mujallar kanta. Matakan da zan ba ka:

Ka ɗauki lambar ISSN ta mujallar, gurbi 8 ce, ka duba a shafin hukumar ISSN ko sunan da lambar sun dace. Ka duba jerin mujallun Scopus, wanda Elsevier ke fitarwa, da na Web of Science na kamfanin Clarivate. Kada ka yarda da tambarin da mujalla ta manna a shafinta, tambari kowa na iya kwafa. Kuma ka duba shekarun da mujallar take cikin jerin: Scopus yana da jerin waɗanda ya daina ɗauka, to maƙalar da ta fito bayan an cire mujallar ba ta ciki, ko da mujallar na ci gaba da cewa tana ciki. In ta buɗaɗɗen karatu ce, wato wadda kowa ke karantawa kyauta, ka duba DOAJ, kundin irin waɗannan mujallu.

Sai kuma satar mujalla sukutum. 'Yan damfara kan buɗe shafi da sunan wata tsohuwar mujalla ta gaske, da ISSN ɗinta, musamman wadda a takarda kawai take fitowa ko wadda rajistar adireshinta ya ƙare. Malami ya biya, a buga masa, ya zo da murna, alhali mujallar gaske ba ta san da shi ba. Retraction Watch, masu bibiyar maƙalun da aka janye, suna da jerin irin waɗannan da suka haɗa tare da Anna Abalkina. Alamar da ta fi saurin tona su: mujallar da sunanta na ilimin ƙwari ne amma tana buga harkar banki da koyar da Turanci a fitowa ɗaya.

Tsohon_Alli:
Na ji daɗin bayanin Hajiya. In tuna muku gwajin John Bohannon na 2013, wanda mujallar Science ta buga. Ya ƙirƙiri maƙalar ƙarya kan wani sinadari da ake cewa yana hana ciwon daji, ya cusa kurakuran da ɗan aji biyu zai gani, ya aika wa mujallu 304. Guda 157 suka karɓa. Amma a yi adalci: masu karɓar kuɗin bugu kawai ya gwada, bai gwada na biyan kuɗin karatu ba, don haka ba za a ce laifin buɗaɗɗen karatu ba ne.

Kuma kada a ɗauka babban kamfani kariya ne. A 2023 an janye maƙalu sama da 10,000 a duniya, fiye da 8,000 daga mujallun Hindawi, wanda a lokacin mallakar Wiley ne. Yawancinsu ta ƙofar fitowa ta musamman suka shiga, inda ake ba baƙon edita wuƙa da nama. Saboda haka mai haɗa jeri ya riƙa waiwayar na shekarun baya. Maƙalar da aka yi wa tafi bara tana iya zama janyayya bana.

Mai_Dandamali:
Kun ga abin da nake faɗa kullum. An yi tambaya biyu, amsa biyar duk kan ta farko. Mu masu wasan kwaikwayo da zane da kiɗa ko a zauren ma mu ne 'yan rakiya.

Malam Sakatare, amsar ita ce e, yana tsayawa, amma da sharaɗi. Maƙala tana zuwa da shaidarta a jikinta: edita, alƙalai, lamba. Wasa kuwa ana gamawa an kwashe kujeru, ya tafi. In ba a tara shaida a lokacin ba, kwamiti ba shi da abin dubawa. Abin da ya kamata ya shiga fayil: rubutun wasan da aka yi aiki da shi, har da gyare-gyaren da aka yi a wajen atisaye, takardar shiri mai sunayen 'yan wasa da ranaku da wuri, bidiyon wasan gaba ɗaya daga kyamara guda a tsaye wadda ta ɗauki faɗin dandamali, ba guntayen da aka yanka don talla ba, sauti daga makirufo na daban, domin na jikin kyamara tari da motsin kujeru yake ɗauka, sai sharhin da wani na waje ya rubuta. Sannan a fayyace rawar malamin. Marubuci ne, ko darakta, ko mai tsara haske? Ukun nan ayyuka ne daban, kuma kowanne alƙalinsa daban.

Dakta_Sinadari:
Ranki ya daɗe ba faɗa ba ne. Amma wa ya tantance? Ni alƙalai biyu ko uku da ban san su ba suka yi wa maƙalata fata-fata kafin ta fito. Malami ya tara ɗalibansa, waɗanda shi zai ba su maki, ya sa wasa a ɗakin taron sashensa, suka tafa. Wannan fa?

Mai_Dandamali:
Wannan aikin koyarwa ne, Dakta, a rubuta shi a ƙarƙashin koyarwa. Ba wanda ya ce a ƙirga shi da maƙala. Daidai yake da mujallar da sashe ya kafa, shugaban sashe ne edita, malaman sashen ne marubuta. Kuna da irinku ai.

Buroshi_da_Fenti:
Haha, Malama ta rama.

A wajen masu zane ma'aunin a fili yake ga wanda ya san harkar. Tambaya ta farko: wa ya zaɓi aikin? Akwai baje kolin da kwamitin alƙalai ke zaɓa daga cikin ɗaruruwan da aka aiko, akwai wanda mai tsara baje koli na gidan adana kayan fasaha ya gayyace ka, akwai kuma wanda ka kama hayar ɗaki ka rataye kayanka. Na ukun shi ne ɗan'uwan mujallar "biya a buga maka". Ta biyu: kai kaɗai ne ko cikin taro? Baje kolin mutum ɗaya mai ayyuka 25 a kan jigo guda ya fi kusa da littafi, zane ɗaya cikin na mutum 40 ya fi kusa da takardar taro. Ta uku: akwai kundin baje kolin mai ISBN, lambar rajistar littafi, da rubutun wani masani a ciki? Ta huɗu: wani gidan adana kaya ya sayi aikin ya shigar da shi taskarsa ta dindindin?

Kuskuren da ake yawan yi wajen hoto ne. A ɗauki kowane aiki daga gaba sak, da fitila biyu a gefe da gefe a karkace don fenti kada ya yi ƙyalli, a rubuta take, shekara, abin da aka yi shi da shi, da tsawo da faɗi a santimita. Sai a ƙara hotunan ɗakin yadda aka jera kayan. Hoton ranar buɗewa da manyan baƙi sun tare zanen ba ya shaida komai sai cewa an yi taro.

Tsohon_Alli:
Don kada a ce son rai ne, akwai inda aka riga aka rubuta wannan a doka. A Birtaniya akwai tsarin REF da ake auna binciken jami'o'i da shi, na ƙarshe an yi shi a 2021. Abin da aka samar kashi 60 ne na maki, tasiri a wajen jami'a kashi 25, yanayin bincike kashi 15. Suna karɓar wasa da kiɗa da zane da fim da gini, kuma ma'auni uku ɗin da ake yi wa maƙala su ake yi musu: sabunta, muhimmanci, da tsantsenin aiki. Mai aikin fasaha yana haɗawa da bayani na kalma 300 da zai nuna tambayar da aikin ya tasa a gaba, hanyar da aka bi, da abin da aka gano. Littafi ko babban aiki ana iya neman a ƙirga shi biyu.

Kalma 300 ɗin nan ita ke kayar da mutane. Sai mutum ya cika ta da labarin wasan ko yabon kansa. Kwamiti kuwa so yake ya ji me aka sani yanzu wanda ba a sani ba kafin a yi aikin.

Ɗalibar_Digiri3:
Farfesa, to littafin ƙagaggen labari fa? Shi ba shi da tambayar bincike.

Tsohon_Alli:
'Yata, sau da yawa yana da ita, marubucin ne bai saba faɗinta da baki ba. Abdulrazak Gurnah da ya ci Nobel na adabi a 2021 farfesa ne a Jami'ar Kent har ya yi ritaya. Yana rubutun nazari, yana rubuta labarai. Da wanne duniya ta san shi? Abin dubawa a littafi shi ne wa ya buga, ko akwai editan da ke da ikon cewa a'a, da abin da masu sharhi suka ce bayan ya fito. ISBN dai saya ake yi, ba ta nuna komai game da inganci.

Injiniya_Kwamfuta:
A ƙara wani abu kafin a wuce. Kada sakatare ya ga "takardar taro" ya jefa ta ƙasa kai tsaye. A ilimin kwamfuta manyan taruka irin su NeurIPS da CVPR cikakkiyar maƙala ake aikawa, alƙalai su duba, a ƙi mafi yawa, kuma 'yan fannin sun fi ganin girmansu a kan mujallu da dama. A wasu fannonin kuwa taƙaitawa ta kalma 250 ake aikawa, kusan kowa a karɓa. Suna ɗaya, nauyi daban. Tambayar ita ce: cikakkiyar takarda aka tantance ko taƙaitawa?

Lauyan_Ƙirƙira:
Ni inda nake ganin an fi yin kwaɓa shi ne takardar mallakar ƙirƙira. Sai a rubuta "Dakta wane ya samu" alhali nema kawai ya shigar. Matakai uku ne. A shigar da nema. Bayan wata 18 ofishin ya wallafa neman ga jama'a, kuma wannan wallafawar ba amincewa ba ce. Sai mai bincike na ofishin ya duba ko sabon abu ne, ko akwai fasaha a ciki da ba kowane ɗan fanni zai hango ba, ko yana da amfani a aikace, sannan a bayar ko a hana, abin da kan ɗauki shekaru. Ka ɗauki lambar ka saka a Espacenet ko Google Patents. A Amurka da ofishin Turai, harafin A a ƙarshen lamba nema ne, B shi ne wanda aka bayar. Kariyar shekara 20 ce daga ranar shigarwa, kuma in an daina biyan kuɗin sabuntawa ta mutu.

Babu wani abu wai shi mallakar ƙirƙira ta duniya baki ɗaya. Tsarin PCT na WIPO, hukumar kula da haƙƙin mallakar fasaha ta duniya, nema guda ne da ke riƙe maka gurbi, zuwa wata 30 sai ka shiga ƙasa-ƙasa, kowace ta yanke nata hukuncin.

Ga kuma inda jerin nasarorin kansa ke yin ɓarna. In malami ya bayyana ƙirƙirarsa a taro, ko a maƙala, ko a mujallar labaran jami'a kafin ya shigar da nema, a Turai ta daina zama sabuwa, shi ke nan. Amurka tana ba da rangwamen wata 12. Don haka Malam Sakatare, in aka kawo maka labarin sabuwar na'ura da hotonta da yadda take aiki, ka tambaya an shigar da nema tukuna. Garin neman suna kada a yi asarar abin gaba ɗaya.

Sakataren_Sashe:
Kai, wannan na ƙarshen ban taɓa kawo shi a rai ba. Na gode Barista. To maganar lambobi fa? Wasu na so a riƙa sa ma'aunin h da ma'aunin tasirin mujalla kusa da sunan kowa.

Ɗan_Lissafi:
Kada ka fara. Ga yadda h yake, Jorge Hirsch ya kawo shi a 2005. Ka jera maƙalun mutum daga wadda aka fi ambata. A ce 40, 22, 9, 6, 5, 3, 1. Ta biyar tana da ambato 5, ta shida tana da 3, bai kai 6 ba, to h ɗinsa 5. Wani kuma yana da 900, 2, 1, h ɗinsa 2. Wa ya fi girgiza fanninsa? Sannan Google Scholar da Scopus ba za su ba ka lamba ɗaya ba, domin na farkon yana ƙirga kundayen digiri da rubutun share fage da abin da ya samu.

Ma'aunin tasiri kuwa na mujalla ne. Ambaton da aka yi a bana ga abin da ta buga a shekara biyun baya, a raba da yawan maƙalun. Maƙala 200, ambato 600, ya ba da 3. Amma 'yan kaɗan ne ke kwashe yawancin ambaton, saura suna rakiya. Kuma a lissafi sau da yawa maƙala ba ta fara samun ambato sosai sai bayan shekara biyun sun wuce. Wannan ya sa sanarwar DORA, da aka tsara a San Francisco a 2012, ta ce kada a auna mutum da ma'aunin mujallar da ya buga a ciki.

Dakta_Sinadari:
Na yarda da lissafin, ban yarda da hukuncin ba. Kwamiti na da fayil 60 da mako biyu, kuma babu ɗan fannin kowa a ciki. In ka ƙwace musu lamba me ka ba su? Sanayya da ɓangaranci ne za su cike gurbin. Lamba ko ba komai ba ta san ɗan wa kake ba.

Hajiya_Edita:
Lamba ma ana yi mata maguɗi, Dakta. Ambaton kai, ƙungiyar "ambace ni in ambace ka", alƙalin da ke cewa sai ka saka maƙalunsa shida kafin ya amince, yanka bincike ɗaya gida huɗu. Hanyar da na fi gani da amfani: malami ya zaɓi ayyukansa uku zuwa biyar, ya rubuta sakin layi kan kowanne, a aika wa masana na waje su karanta ainihin aikin. Kuma ya faɗi abin da ya yi a ciki. Tsarin CRediT ya kasa gudummawa gida 14, daga tsara tunanin har tattara bayanai da rubutu. Jerin sunaye ba ya faɗin wannan: a lissafi bin haruffa ake yi, a likitanci na farko ya yi aikin na ƙarshe shi ne mai ɗakin gwaji, a fiziyar ƙwayoyin zarra akwai maƙalar 2015 mai marubuta 5,154.

Tsohon_Alli:
Dakta, ka tuna Katalin Karikó. Jami'ar Pennsylvania ta rage mata matsayi a 1995 saboda ba ta samo tallafi. Maƙalarta da Drew Weissman ta 2005, wadda ta nuna cewa sauya ɗaya daga tubalan mRNA, sinadarin da ke kai saƙon gado a cikin ƙwayar halitta, yana hana garkuwar jiki yi masa bore, a mujallar Immunity ta fito kuma shekaru ba a damu da ita ba. A 2023 suka karɓi Nobel. Ko Yitang Zhang, malami ne mai ƙaramin matsayi a Jami'ar New Hampshire, ya daɗe bai buga komai ba, sai a 2013 ya tabbatar da cewa akwai lambobin da ba su rabuwa bibbiyu marasa iyaka da tazararsu ba ta kai miliyan 70 ba.

Dakta_Sinadari:
Allah ya gafarta Malam, Hajiya ta riga ta ba Ɗan_Lissafi amsar wannan tun a sama. Su nawa ne? A kan kowane Zhang akwai ɗari da shirunsu shiru ne kawai.

Buroshi_da_Fenti:
Ku dai ku ci gaba. Mu ba mu da h ba mu da tasiri, ga shi muna barci lafiya.

Uwar_Laburare:
Malam Sakatare, komawa kan fom ɗinka. Ka ƙara gurbi ɗaya bayan take da kwanan wata: "wa ya zaɓa ko ya tantance". Mai maƙala ya rubuta mujalla da DOI, mai zane ya rubuta gidan da sunan mai tsarawa ko kwamitin alƙalai, mai wasa ya rubuta bikin ko kamfanin da ya gayyace shi, mai tallafi ya rubuta hukumar da lambar tallafin. A tallafi ka tambayi ko shi ne jagoran binciken ko mataimaki, da kason da ya shigo jami'arku, domin ana yawan rubuta jimillar kuɗin haɗakar jami'o'i takwas a gaban sunan mutum ɗaya. Bidiyon wasa da hotunan baje koli kuma a kawo su ma'ajiyar laburare a ba su lamba, kada a bar su a wayar ɗalibi.

Mai_Dandamali:
Hajiya, a ƙara neman izinin 'yan wasa da mai kiɗa a rubuce kafin a ɗora bidiyon. In akwai waƙar wani a ciki da ba a nemi izini ba, a rufe fayil ɗin, kwamiti kaɗai ya gani.

Ɗalibar_Digiri3:
Wanda ya fassara littafi fa, ko ya shirya ƙamus? A wane gurbi za a sa shi?